Gwajin MBTI a kan sikeli: abin da haruffa huɗu ke faɗa game da shekaru da basira

Gwajin MBTI, wato gwajin halin mutum na Myers-Briggs, haja ce, kuma duban haja ya kamata a yi masa: wa ya ƙera shi, me aka ce yana aunawa, nawa ne kuɗinsa, a ina yake gazawa. Mai sayar da shi kamfani ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, The Myers-Briggs Company, wanda kafin 2018 ake kira CPP. Mutum yana amsa tambayoyi, a miƙo masa haruffa huɗu irin su ISTJ ko ENFP, wato ɗaya daga cikin nau'o'in hali 16. Da zarar mutane sun karɓi haruffansu, tambayoyi biyu ne ke biyowa: akwai nau'in da ya fi wani basira? Kuma haruffan suna canjawa idan mutum ya manyanta? A kan waɗannan biyun muka ɗora sharhin nan, domin a nan ne mai saye ya fi cutar kansa.

Katharine Cook Briggs da 'yarta Isabel Briggs Myers ne suka ƙirƙiro gwajin, a kan ra'ayin Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan wanda ya wallafa littafinsa kan nau'o'in hali a 1921. Babu wadda ta yi digiri a ilimin halayyar ɗan Adam a cikinsu. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu suka fara tsara tambayoyin, hukumar jarrabawa ta ETS ta buga jagoran gwajin a 1962, sannan CPP ta karɓi sayarwa a 1975. Haruffan daga kalmomin Turanci aka ciro su, kuma bibbiyu suke. E shi ne wanda cuɗanya da jama'a ke ƙara masa kuzari, I wanda kaɗaici ke wartsakar da shi. S yana riƙe da abin da ido ya gani kuma hannu ya taɓa, N yana bin hasashe da ma'anar da ke bayan abu. T yana yanke hukunci da ƙa'ida, F yana duba yadda hukuncin zai taɓa mutane. J yana son a tsara a rufe magana, P yana barin ƙofa a buɗe.

Sigar da aka fi sani ita ce ta 1998 mai tambayoyi 93: 21 na E da I, 26 na S da N, 24 na T da F, 22 na J da P. Kowace tambaya zaɓi biyu ce tak, babu "wani lokaci haka, wani lokaci haka". Wasu ma kalmomi biyu kawai ake ajiye maka a ce wacce ta fi kwanta maka. Minti 20 zuwa 30 sun isa. Tare da haruffan ana ba da wata lamba daga 1 zuwa 30 a kowane ɓangare, mai nuna ƙarfin karkatar amsoshinka: 1 zuwa 5 karkata ce 'yar kaɗan, 6 zuwa 15 matsakaiciya, 16 zuwa 25 bayyananniya, 26 zuwa 30 mai ƙarfi sosai. Wannan lamba ita ce mafi amfani a duk rahoton, kuma ita ce mutane ba sa kallo. Akwai kuma mataki na biyu mai tambayoyi 144 da ke rarraba haruffan zuwa ƙananan sassa 20. A shafin kamfanin na intanet kuɗin gwajin mutum ɗaya yana tsakanin dala 50 da 60, horon zama mai lasisin gudanar da shi kuwa ya haura dala 2,000.

Galibin waɗanda ke cewa sun yi MBTI ba shi suka yi ba. Shafin 16Personalities suka shiga, na wani kamfanin Ingila mai suna NERIS Analytics, wanda ba shi da alaƙa da kamfanin Myers-Briggs. Kyauta ne, jimloli 60, kusan minti goma, kuma kowace jimla tana da matakai bakwai daga "na yarda sosai" zuwa "ban yarda ba sam". Ya aro haruffan huɗu, ya ƙara na biyar, A na mai kwanciyar hankali ko T na mai saurin damuwa (wannan T daban yake da na baya), sannan ya raɗa wa kowane nau'i suna. Sunayen nan sun yi ɓarna. INTJ an kira shi mai zanen gini, INTP masanin mandiƙi (ilimin kafa hujja), an haɗa su cikin rukunin masu nazari, shi kuwa ESFP an kira shi mai nishaɗantarwa. Duk wanda ya ga wannan jeri zai ɗauka an riga an faɗa masa su waye masu ƙwaƙwalwa a ajin, alhali babu tambaya ko ɗaya a cikin 60 ɗin da ta gwada ko ya iya warware wani abu.

Nan ne tushen maganar. Gwajin basira yana ba ka matsala ya ga ko za ka warware, akwai amsa daidai da kuskure, sau da yawa da agogo a gefe. MBTI tambayarka yake me ka fi so. Wanda ya ce yana son tunani mai zurfi ya faɗi abin da yake so ne, ko abin da yake so a ɗauke shi da shi. Shi kansa kamfanin ya rubuta a fili cewa gwajinsa ba ya auna basira ko ƙwarewa, kuma bai halatta a yi amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata ba. Wannan gaskiyar tasu abin yabo ce, ko da yake masu horar da ma'aikata da yawa suna tsallake ta.

Duk da haka alaƙa tana nan, kuma a wuri ɗaya take zaune: tsakanin S da N. A 1996 Alan Kaufman da abokan aikinsa sun haɗa MBTI da gwajin basira na KAIT a kan mutum 1,297 masu shekaru 14 zuwa 94, suka ga cewa masu N sun fi masu S maki a jimlace. A 2004 Ugur Sak ya tattara bincike 14 kan matasa 5,723 da aka ware a matsayin haziƙai, ya samu kusan kashi 72 cikin ɗari masu N ne. A kwatanta da samfurin jama'ar Amurka na mutum 3,009 da ke cikin jagoran 1998, inda masu N ba su wuce kashi 27 ba, masu S kuwa kashi 73. Tazarar ba ta wasa ba ce, kuma duk mai cewa babu komai a nan bai karanta ba.

Dalilin ya fito tun 1989, lokacin da Robert McCrae da Paul Costa suka ba rukunin mutane ɗaya MBTI tare da gwajin Manyan Halaye Biyar (buɗaɗɗen tunani, son cuɗanya, riƙon tsari, sauƙin hali da saurin damuwa), ma'aunin da masu bincike suka fi yarda da shi. Ana auna alaƙa da lamba daga 0, wato babu dangantaka, zuwa 1, wato tafiya tare sak. Ɓangaren S da N ya yi tafiya da halin buɗaɗɗen tunani da kusan 0.7, E da I ya bi son cuɗanya da kusan 0.7, J da P ya bi riƙon tsari da kusan 0.5, T da F ya bi sauƙin hali da kusan 0.4. Ma'ana, N sabon suna ne ga tsohon abu: son karatu, son tambaya, jin daɗin juya ra'ayi. A cikin halayen biyar kuwa, buɗaɗɗen tunani ne ya fi kusanci da basira. Jeromy Anglim da abokan aikinsa sun haɗa sakamakon mutum fiye da 160,000 a 2022, suka samu alaƙar a 0.20. Wani tattarawa na Ackerman da Heggestad a 1997 ya same ta kusa da 0.3. Ko an ɗauki babbar lambar, idan aka ninka ta da kanta 0.09 za a samu: kashi tara cikin ɗari na bambancin basira tsakanin mutane ke tafiya da wannan hali. Sauran kashi 91 suna wani wuri.

Bari mu buga lissafi a ga yadda abin yake a ƙasa, da lambobin misali. Matsakaicin makin IQ, wato makin gwajin basira, 100 ne, kuma mutum biyu cikin uku suna tsakanin 85 da 115. A ce a gari mai mutum 1,000 akwai masu S 730 da masu N 270, matsakaicin masu S 98 ne, na masu N 105. Tazarar maki bakwai kenan, mai ɗan kauri. Idan ka ɗauko mai S ɗaya da mai N ɗaya ba tare da zaɓe ba, kusan sau 37 cikin 100 mai S ne zai fi maki. Idan ka ƙirga waɗanda suka haura 115, masu S za su kai kusan 90, masu N kusan 70, saboda masu S sun fi yawa tun farko. Sai an hau 130 ne za su yi kunnen doki, kusan goma sha biyu-biyu, daga nan zuwa sama masu N su wuce gaba. Shi ya sa ajin haziƙai ke cika da masu N, kuma shi ya sa sanin harafin mutum ɗaya ba ya gaya maka makinsa. Magana kan taro daban, magana kan Audu ko Binta daban.

Akwai kuma yadda tambayoyin kansu suke. Na ɓangaren S da N suna yawan sa mutum ya zaɓa tsakanin nazari da aikin hannu, tsakanin ƙirƙira da bin hanyar da aka saba. Wanda ya daɗe a makaranta ya saba da jin cewa nazari shi ne abin yabo, kuma daɗewa a makaranta ita kanta tana ɗaga makin gwajin basira. Don haka wani kaso na alaƙar boko ne ke haɗa ta, ba halitta ba. Bakanike mai gane ciwon inji daga ƙararsa zai fito S a takarda, kuma abin da yake yi da kunnensa da hannunsa tunani ne mai sarƙaƙiya.

Sauran haruffan ba su da abin faɗa da yawa. Son cuɗanya da basira kusan babu ruwan juna, don haka zancen cewa masu shiru sun fi ƙwaƙwalwa zance ne kawai. Riƙon tsari ma kusa da sifili yake a manyan tattarawa, sai dai yana taimaka wa makin makaranta da aikin ofis ta wata hanya: mai tsari yana gama abin da ya fara. Harafin T shi ne ya fi ruɗar mutane, saboda kalmar da aka ciro shi daga ita tana nufin tunani. A samfurin 1998 kusan mata uku cikin huɗu F suka fito, maza kuwa fiye da rabi T. Da T basira yake aunawa da an ga rata mai faɗi tsakanin maza da mata a matsakaicin IQ, kuma ba a gani.

Sai shekaru.

Aƙidar masu gwajin ita ce hali zanen dutse: da nau'inka aka haife ka, da shi za ka koma, abin da ke canjawa shi ne yadda kake sarrafa shi. Akwai wani jadawali na Harold Grant da masu horarwa ke yawan nunawa, wai ɓangaren halinka mafi ƙarfi yana girma daga shekara 6 zuwa 12, na biyu daga 12 zuwa 20, na uku daga 20 zuwa 35, mafi rauni daga 35 zuwa 50. Yana da daɗin ji, musamman ga ɗan shekara arba'in da ya fara sha'awar abin da bai taɓa kulawa da shi ba. Sai dai ba daga bin mutane shekara da shekaru aka ciro shi ba, kuma James Reynierse, wanda ya yi bitar hujjojin wannan tsari na jerin ɓangarori a 2009, ya same su da rauni ƙwarai. Matsalar aƙidar ita ce ba ta karɓar ƙaryatawa. In haruffanka ba su canja ba, a ce ka gani. In sun canja, a ce da can ba ka san kanka ba ne.

Hujja mai ƙarfi kan shekaru daga binciken Manyan Halaye Biyar take, inda aka bi mutane guda tsawon lokaci. Brent Roberts da abokan aikinsa sun haɗa irin waɗannan samfura 92 a 2006. Riƙon tsari da kwanciyar hankali suna ƙaruwa, mafi yawa tsakanin shekara 20 da 40, shekarun aure da neman abinci da ɗaukar nauyi. Buɗaɗɗen tunani yana hawa a samartaka, ya tsaya, ya sauka a tsufa. Sauƙin hali yana ƙaruwa a tsufa. Idan aka mayar da wannan zuwa haruffa, abin da za a sa ran gani shi ne mutane suna gangarawa daga P zuwa J yayin da suke manyanta, daga N zuwa S a tsufa, da ɗan motsi zuwa F. Motsin a hankali yake kuma ba babba ba ne. Wanda lambarsa ta P take 25 yana ɗan shekara 20 da wuya ya zama J. Wanda take 3, aiki ɗaya mai tsananin lokaci ya isa ya tsallakar da shi.

Tsayuwar hali ita ma da shekaru take tafiya. Roberts da Wendy DelVecchio sun duba bincike 152 a shekarar 2000, suka ga matsayin mutum cikin tsaransa yana maimaituwa da 0.31 a yarinta, 0.54 a shekarun jami'a, 0.64 a shekara 30, sannan 0.74 tsakanin 50 da 70. A aikace wannan yana nufin haruffan ɗan shekara 55 sun fi na ɗan shekara 17 abin dogaro nesa ba kusa ba, amma 'yan sha bakwai ɗin ne suka fi yin gwajin, su ne kuma ke zaɓen kwas da shi. Kamfanin yana ba da shawarar a fara daga shekara 14, kuma akwai wani gwaji daban na yara mai suna MMTIC. Shawararmu ita ce kada a liƙa wa yaro haruffa ko da wane gwaji ne. Christopher Soto da abokan aikinsa sun duba amsoshin mutum fiye da miliyan ɗaya masu shekaru 10 zuwa 65 a 2011, suka ga riƙon tsari da sauƙin hali suna faɗuwa a farkon balaga kafin su sake tashi. Yaron da aka auna a cikin wannan rami aka ce masa "kai P ne", ƙuruciyarsa aka auna.

Basira ta fi hali tsayawa wuri ɗaya. Ranar 1 ga Yuni 1932 an yi wa yara 87,498 'yan shekara 11 gwajin basira a Sikotlan. A 1998 Ian Deary ya nemo 101 daga cikinsu suna da shekara 77 ya sake ba su gwajin nan dai, alaƙar ta fito 0.63 bayan shekara 66. Wani rukuni a ƙasar kuma, malamansu sun auna halayensu suna 'yan shekara 14 a 1950, aka sake auna 174 daga cikinsu a 2012, kusan babu abin da ya yi daidai. A yi adalci, a karon farko malami ne ya yi hukunci, a na biyu su da makusantansu, don haka ma'aunin ya canja. Amma ko da wannan rangwame, zanen dutsen bai fito ba.

Inda shekaru da basira da haruffa suka haɗu waje ɗaya, nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Raymond Cattell ya raba basira gida biyu: ta warware sabuwar matsala nan take, da ta ilimin da aka tara. Ta farko tana kai ƙololuwa a farkon shekarun ashirin ta fara sauka a hankali. Ta biyu tana ci gaba da hawa, har binciken Hartshorne da Germine na 2015 ya samu sanin kalmomi yana kai ƙarshensa bayan shekara 60, alhali saurin sarrafa bayani ya kai nasa kafin 20. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma yaron zai riga shi gama lissafi da agogo. To idan wani ya tara matasa da tsofaffi a samfuri ɗaya, matasan sun fi karkata ga N kuma sun fi sauri a gwajin sabuwar matsala, sai alaƙar N da basira ta kumbura, alhali shekaru ne ke jan duka biyun. Makin IQ na gaskiya ana lissafa shi ne da kwatanta mutum da tsaransa, don haka ya toshe wannan kafa. Ɗanyen maki bai toshe ba. Duk jadawalin da ka gani yana jera nau'o'i 16 daga mafi basira zuwa ƙasa, tambaya ta farko ita ce wane maki aka yi amfani da shi, ta biyu su waye suka amsa. Yawancin masu yawo a intanet ba su da amsar ko ɗaya.

Wani tarkon kuma shi ne kwatanta 'yan shekara 20 da 'yan 70 a rana ɗaya a ce bambancinsu tsufa ne. Ba zamani ɗaya suka taso ba, ba makaranta ɗaya suka samu ba. K. Warner Schaie, wanda ya fara bin mutane a birnin Siyatil tun 1956, ya nuna irin wannan kwatance yana zuzuta faɗuwar basira, domin mutum guda idan aka bi shi ba ya sauka da wuri haka. James Flynn kuma ya nuna ɗanyen makin gwajin basira ya riƙa hawa da abin da ya kai kusan makin IQ uku duk shekara goma a ƙasashe da dama cikin ƙarni na 20. Idan tsofaffin yau sun fi fitowa S da J, wani kaso tsufa ne, wani kaso zamaninsu.

Babban aibin hajar a wurinmu shi ne yankan da take yi a tsakiya. Da nau'o'in gaskiya ne, da an ga mutane sun taru gida biyu, 'yan kaɗan a tsakani. Bess da Harvey sun duba wannan a 2002, suka ga yawancin mutane a tsakiyar suke. Kamar a ce makin JAMB 200 ne iyaka, mai 199 da mai 201 a ba su suna daban-daban, mai 201 da mai 340 a ba su suna ɗaya. Daga nan ne rashin tsayuwar sakamako ke fitowa. David Pittenger ya ruwaito a 1993 cewa har rabin mutane na iya samun nau'i daban idan suka sake gwajin bayan mako biyar. Lissafin ba wuya: ko da kowane harafi yana da kashi 90 na dawowa yadda yake, damar dukkan huɗun su dawo ita ce 0.9 sau huɗu a ninke, wato kusan kashi 66. In kashi 85 ne, ta sauka zuwa 52. Wanda ya yi gwaji yana ɗan 25 ya fito INFP, ya sake yana ɗan 35 ya fito INFJ, ba shi da hanyar sanin ko shekaru goman ne suka yi aiki ko da ya sake bayan wata ɗaya ma haka zai gani, sai in ya ajiye lambobinsa na 1 zuwa 30.

Aibi na biyu giɓi ne. A cikin halaye biyar, MBTI ba shi da ma'aunin saurin damuwa ko kaɗan. Rashinsa yana sa kowane nau'i ya fito da kyau, ba wanda zai tashi daga taron horo ransa a ɓace. Amma kwanciyar hankali, kishiyar saurin damuwa, tana cikin abubuwan da suka fi canjawa da shekaru, kuma saurin damuwa shi ne hali na biyu da ke da alaƙa da makin basira, 0.09 ta ɓangaren ragi a lissafin Anglim, wato mai yawan damuwa makinsa yakan ɗan ragu, wani ɓangare saboda fargabar jarrabawa. A nan 16Personalities ya fi na kuɗin: harafinsa na biyar wannan giɓin yake cikewa, kuma yana nuna kaso cikin ɗari a kowane ɓangare. Rauninsa shi ne bayanin da yake bayarwa, mai santsi ne har ya yi yawa. A 1948 Bertram Forer ya ba ɗalibansa 39 bayanin hali iri ɗaya sak, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai, suka ba shi matsakaicin maki 4.3 cikin 5 na dacewa. Jin cewa "wallahi ni ne wannan" ba hujja ba ce.

Ga mai karatu Bahaushe akwai ƙarin abin lura. Wanda ya amsa da Turanci, a tambayoyin kalmomi bibbiyu, yakan zaɓi kalmar da ya sani ya bar wadda bai sani ba, kuma kalmomin ɓangaren N sun fi zama na littafi. Ƙarfin Turancinsa ya shiga cikin sakamakon kenan. Tambayoyin E da I kuma sun ɗauka zuwa taro zaɓi ne. Inda zuwa biki da suna da gaisuwar mutuwa wajibi ne na zumunci, yawan fita ba ya nuna abin da rai ke so. Haka matar da ba ta ɗaga murya gaban surukai ko saurayin da ke shiru gaban manya, kunya ce da tarbiyya, kuma tana sassautawa idan mutum ya zama shi ne babba a gidan, sai a ga kamar shekaru sun mayar da I ya koma E. Wannan matsala ba ta MBTI kaɗai ba ce. Wani bincike na Rachid Laajaj da abokan aikinsa a 2019, a ƙasashe 23 masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki, ya ga tambayoyin halaye biyar ɗin ma ba sa rabuwa yadda ya kamata idan aka yi su baki da baki.

Wanda ya ƙudura zai yi, ga yadda zai rage asara. Ya amsa a lokacin da hankalinsa ke kwance, ba makon jarrabawa ko bayan rigima ba, kuma ya amsa yadda yake a gida, ba yadda ofis ke so ya zama ba. Ya rubuta lambar kowane ɓangare da ranar da ya yi. Duk harafin da lambarsa ba ta wuce 5 ba, ko a 16Personalities kasonsa bai kai 60 ba, ya ɗauke shi a matsayin tsakiya. Ya sake bayan mako shida ba tare da duba amsoshin farko ba, abin da ya dawo sau biyu shi ne abin riƙewa. A tsarin kamfanin ma akwai zama da mai lasisi inda mutum ke tantance nau'in da ya fi dacewa da shi, kuma an yarda ya saɓa wa takardar. Wanda aka sayar masa da haruffa babu wannan zaman, rabin haja aka ba shi.

A matsayin abin buɗe hira tsakanin abokan aiki ko ma'aurata, yana aiki: ya fi sauƙi a ce wa mutum "kai J ne, ni P" da a ce masa "ka cika takura". Dala 50 zuwa 60 a kan wannan ya yi tsada ga mai samun naira ko sefa, na kyautan ya wadatar. Wajen zaɓen sana'a kuwa, tun 1991 wani kwamitin Majalisar Bincike ta Ƙasa a Amurka ya ce babu isasshen bincike mai inganci da zai sa a dogara da shi. Mai son ganin yadda halinsa ke tafiya da shekaru ya nemi IPIP-NEO, gwajin Manyan Halaye Biyar mai tambayoyi 120, kyauta ne a intanet, yana ba da maki a jere ba tare da yanka a tsakiya ba, kuma yana kwatanta mutum da masu jinsinsa da shekarunsa. Mai son sanin basirarsa ko ta ɗansa sai ya je wurin ƙwararren masanin halayya ya yi masa gwajin Wechsler, wanda ke ɗaukar awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi fuska da fuska, ko na Raven mai zane 60 da babu karatu a cikinsa. Kafin a biya, a tambayi ƙwararren da mutanen wace ƙasa da wace shekara za a kwatanta makin.